Yunwa daban, kwaɗayi daban

'Yata, matso kusa, ba faɗa zan yi miki ba. Na ji kina kukan bakinki ba ya hutawa. Kin ci tuwon dare kin ƙoshi, amma sai ƙafa ta kai ki teburin mai shayi, har kin fara jin nauyin durƙusawa ki yi addu'a. Kwantar da hankalinki. Wanda ya zuba wa dabinon Dutse zaƙi bai yi haka don ya kama ki da laifi ba.

Abu ɗaya nake so ki iya: ki gane yunwa, ki gane kwaɗayi. Ƙofa ɗaya suke ƙwanƙwasawa, shi ya sa ake rikita su.

Buɗe 1 Sarakuna sura 19. Annabi Iliya ya gudu daga Yezebel, ya zube a gindin wani itace yana roƙon mutuwa. Mala'ikan da aka aiko bai fara da wa'azi ba. Tashinsa ya yi, ya nuna masa gurasa da ruwa, har sau biyu. Wannan yunwa ce da gajiya, kuma Ubangiji ya san da ruwan ciki ake jan na rijiya. In irinta ce ta kama ki, ki ci, ki gode, ki yi barci.

Sai ki koma Littafin Ƙidaya sura 11. Isra'ilawa suna tsintar manna a jeji, ba wanda ya kwana da yunwa. Amma suka zauna suna kuka, suna tuna kifin Masar da kankana da albasa da tafarnuwa. Bulala da aikin tubali kuwa duk sun manta. Aka turo musu makware, suka kwasa ba ƙaƙƙautawa, annoba ta faɗa musu, aka binne masu kwaɗayin a wurin. Ni dai a ganina ba cikinsu ne ya yi ƙara ba. Zuciya ce ta gaji da tafiya, ta fake da albasa. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji mutanen da.

Don haka in kin fito daga lacca a Jami'ar Tarayya, kin tsaya gaban mai awara, mai yana tafasa, tana barbaɗa yaji da kabeji, ki ɗan dakata kafin ki buɗe jaka. Yaushe rabona da abinci? Me ya ɓata mini rai yau? Sau da yawa za ki tarar kewar gida ce, ko fargabar jarrabawa, ko wata magana da ta tsaya miki a wuya. Awara ba ta maganin waɗannan. Ki faɗa wa Yesu su da sunansu, sannan ki kira mamarki. In har yanzu kina so, ki saya, ai ba haram ba ce.

In aka bar kwaɗayi, a hankali yake ci. Kuɗin wata ya ƙare a tsakiyar wata, bashi ya shigo. Ki saurari roƙon addu'a a zumuntar mata ki ji sau nawa ake ambaton ciwon suga da hawan jini. Ba duka ci ne ya jawo ba, akwai gado, amma lemon kwalba kullum ba ya taimako.

Azumi yana horar da baki, in an yi shi da hankali. A 2025 maƙwabtanmu Musulmi sun ɗauki Ramadan ran 1 ga Maris, Larabar Toka ta biyo baya ran 5, gari ya yi azumi kusan tare cikin zafin bazara. Kin dai ga yadda ƙosai da kunun tsamiya ke tsallake katanga da magariba. Wannan rabon shi Ishaya sura 58 ke nema daga mai azumi. Kada ki yi naki don ki rame, ko don ki hukunta kanki, kada kuma ki rama da dare abin da kika bari da rana. In kina da gyambon ciki, ki fara jin ta bakin likita. Kwanon shinkafar da kika rage kuwa, ki auna shi a leda ran Asabar, ki kai wa gwauruwar nan ta layinku kafin a tafi sujada.