Ministan Tsofaffin Sojoji a Amurka da Dalilin Kujerarsa

A cikin ministocin shugaban Amurka akwai wanda aikinsa ke farawa ranar da soja ya tuɓe kaki. An kafa hukumar kula da tsofaffin sojoji tun 1930, amma sai a 1989 aka ɗaga ta ta zama cikakkiyar ma'aikata, Edward Derwinski kuwa shi ne ya fara riƙe ta. Shugaban ƙasa ke zaɓo ministan, majalisar dattawa ta tabbatar da shi. A hannunsa akwai manyan asibitoci kimanin 170, da biyan diyya ga wanda ya nakasa a bakin aiki, da kuɗin makaranta, da tsaya wa tsohon soja ya sami rancen sayen gida, har da maƙabartun da ake binne su.

Mai tambaya zai ce, tun da akwai ministan tsaro, me ya hana a bar masa wannan nauyi? Amsa ita ce hankalin ministan tsaro yana kan yaƙin gobe, ciwon tsohon soja kuwa yakan daɗe bai bayyana ba. Sojojin da suka yi yaƙin Biyetnam sun yi mu'amala da wata guba da aka riƙa fesa wa dazuzzuka, mai suna Agent Orange. Yaƙi ya ƙare a 1975, amma dokar da ta sauƙaƙa musu karɓar diyya kan cututtukanta sai a 1991 ta fito. Haka waɗanda suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a Iraƙi da Afganistan, sai a 2022 aka yi musu tasu dokar. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin nan yakan ɗauki shekaru masu yawa. In aka haɗa kuɗin maganin mutanen nan da na sayen jiragen yaƙi a asusu ɗaya, ba sai an faɗi wanda zai sha kashi ba. A 1932 ma, da tsofaffin sojojin Yaƙin Duniya na Farko suka yi zaman dirshan a birnin Washinton suna neman a gaggauta biyansu kuɗin da aka alkawarta musu, sojoji aka turo suka tarwatsa su.

Wani kuma zai ce ai kujerar ba ta hana ɓarna ba. Gaskiya ne. A 2014 ta fito fili cewa a asibitin ma'aikatar da ke birnin Finiks an riƙa ɓoye tsawon lokacin da majiyyata ke jira kafin su ga likita, wasu har suka rasu suna jira. To amma a lura da abin da ya biyo baya: da yake akwai mutum guda da alhakin ya rataya a wuyansa, majalisa ta san wanda za ta kira ta titsiye. Ministan lokacin, Eric Shinseki, tsohon janar ne mai tauraro huɗu, amma hakan bai hana shi ajiye aiki a watan Mayu na wannan shekarar ba.