Gafara Tsakanin 'Yan'uwa

Ya kai mai karatu, da ka shiga ikilisiya, ba cikin mala'iku ka shiga ba. Wata rana ɗan'uwa zai ɓata maka suna, ko akuyarsa ta yi ɓarna a gonarka. Me za ka yi?

Cikin Matta sura 18 Yesu ya ba da misalin bawan da sarki ya yafe wa bashin talanti 10,000, shi kuwa ya shaƙe abokin bautarsa saboda dinari 100. Da sarki ya ji, sai ya bashe shi ga masu azaba.

Bashin da Allah ya yafe maka shi ne babban. Saboda haka kada ka baza maganar a kasuwa. Tafi wurin ɗan'uwanka, ku biyu kaɗai, ka gafarta masa da zuciya ɗaya tun ba ku zauna ga Jibin Ubangiji ba.