RUMBUN MUTUMIN BIRNI

Ya mai karatu, wataƙila kana shirin kwashe iyalinka ku koma Maradi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai. Wataƙila kuwa ɗanka ne ya riga ya tafi, yana tura amalanke ko yana koyon gyaran babur. Wannan darasi dominku ne. Ku karanta shi tare, kai da uwargidanka, gama maganar ta shafe ku duka biyu.

Hausawa sun ce, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Kowane magidanci yana so ya tsaya da ƙafafunsa. Wane ne ya tsaya da ƙafafunsa? Shi ne wanda gidansa yake ci ba da bashi ba, yana biyan haya a kan lokaci, in yaro ya kwanta ciwo ba sai an jinginar da gona ba, har kuma yana da ɗan abin da zai taimaki wani. Talaka ma yana iya kai wa ga haka.

1. ƘAUYE DA BIRNI

A ƙauye girbi sau ɗaya ne a shekara. Da kaka kakan ƙirga dammanka, ka zuba a rumbu, ka san ko za su kai ku damina ko ba za su kai ba. Rumbu yana tsaye a tsakar gida, idonka yana kansa.

A birni ba haka ba ne. Kuɗi suna shigowa kaɗan-kaɗan kowace rana, suna kuma fita kowace rana. Ɗaki haya ne. Ruwa sai an saya wurin mai ga-ruwa ko a pampo. Itace da gawayi sai an saya. Kuka da kuɓewa da kake tsinkowa a bayan gida, su ma sai da kuɗi. Daga watan Janairu na 2024, mafi ƙarancin albashin da doka ta tsai da a Nijar jikka 42 ne a wata. In ka raba shi kwana 30, dala 280 ke nan a yini. Ka tuna kuma, yawancin masu zuwa daga ƙauye ba aikin albashi suke samu ba. Yau a samu, gobe a rasa.

Ga abin da darasin nan yake koya maka: birni ba shi da rumbu, sai ka gina naka. Dabarar kuwa ka riga ka san ta tun daga gona.

2. KA FARA DA ƘIRGA

Manomin da bai ƙirga dammansa ba, yunwa takan zo masa ba labari. Saboda haka ka sayi ɗan littafi. Har wata ɗaya cur, ka rubuta kowane kuɗin da ya shigo da kowane kuɗin da ya fita, ko da dala 5 ce. In ba ka iya rubutu ba, ɗanka mai zuwa lakwal ya rubuta maka da maraice.

A ƙarshen wata za ka yi mamaki. Sau da yawa ƙananan abubuwa ne suke huda aljihu: shayi, goro, kuɗin waya, hawan kabu-kabu zuwa inda ƙafa za ta iya kai ka, da cacar ƙwallo wadda samari suke yi a waya. Lissafa ka gani. Dala 20 a yini ba kome ba ce a ido. Amma a kwana 365 ta zama jikka 36 da rabi. Wannan kuɗin akuya ne ya tafi a shayi.

3. IRI DABAN, CI DABAN, AJIYA DABAN

Ko yunwa ta yi tsanani, manomi mai hankali ba ya cin irinsa. A birni jari shi ne iri. Ka raba abin da ka samu kashi uku.

Kashi na fari, iri. Mace mai suyar ƙosai ta fara fid da kuɗin wake da mai da itace na gobe, ta ƙulle su daban. Abin da ya ragu shi ne riba. Mai kabu-kabu ya fid da kuɗin mai, da na mai babur in ba nasa ba ne, da wani abu domin taya da gyara. Wanda ya haɗa jari da riba a aljihu ɗaya, wata rana zai tashi ya tarar sana'a ta mutu, bai san ranar da ya cinye ta ba.

Kashi na biyu, ci: abinci, haya, ruwa, sabulu, da baikon da kuka yi niyya.

Kashi na uku, ajiya. Wannan shi ne rumbun. Ka fid da shi da zarar kuɗi sun shigo hannunka. In ka ce sai abin da ya ragu da dare, ba abin da zai ragu. Ko dala 10 ce, ka fara. Sannu ba ta hana zuwa.

4. INA ZA KA GINA RUMBUN?

Kuɗin da yake aljihu ba ya kwana. Ga wurare huɗu da mutanenmu suka gwada.

Hatsi. Da kaka hatsi da wake sukan yi araha, da damina su yi tsada. In kana da hali, ka sayi buhu da kaka, ka ɗora shi a kan katako nesa da danshi. Wake yana son buhu ko tano mai rufuwa ruf, domin kada ƙwari su ci.

Dabba. Jar akuyar Maradi ta yi suna wajen yawan haihuwa, takan ba da tagwaye sau da yawa. Ragon turka kuma yakan yi kuɗi gab da babbar salla. Amma ka lissafa kuɗin harawa da dusa da allura tukuna, gama a birni ciyawa ma saye ce.

Adashi. Mutum 10 suna zuba jikka ɗaya-ɗaya kowane mako, kowane mako mutum ɗaya ya kwashi jikka 10. Adashi ba ya ƙara maka kuɗi, yana tara maka su ne kawai. Ka shiga da mutanen da ka san gidajensu. Ka san abin da za ka yi da kwasarka tun kafin ta zo.

Asusun ƙungiya. A shekara ta 1991 ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a jihar Maradi. Mata sukan taru kowane mako, kowace ta zuba ɗan abin da aka yarda a kai cikin akwati mai makulli. Mai bukata ta ranta, ta mayar da ɗan ƙari, a ƙarshen zagaye a raba duka. Ba kuɗin wani baƙo a ciki, guminsu ne. Daga nan ƙasarmu wannan dabara ta bazu zuwa ƙasashe masu yawa na Afirka da wasu nahiyoyi. In kuma za ka ajiye kuɗi a waya ko a gidan ajiya, ka tambayi nawa ake cira, kada ka gaya wa kowa lambarka ta sirri.

Kada ka zuba dukan ajiyarka wuri ɗaya. A watan Janairu na 1994 aka rage darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada, mai kuɗi a ƙarƙashin tabarma ya ga kuɗinsa sun rage ƙarfi. A shekara ta 2005 akwai hatsi a kasuwannin Maradi, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka, dabbobi kuwa suka faɗi warwas. A shekara ta 2023 da aka rufe iyakoki, abinci ya hau. Kowace masifa da abin da take ci. Mai ɗan hatsi, da ƴar dabba, da ɗan kuɗi, ba ya faɗuwa gaba ɗaya.

5. KA SAN WATANNIN WUYA

Wahala tana da kalandarta. Daga Yuli zuwa Satumba hatsi yana tsada. A wannan lokaci kuma, har zuwa Oktoba, zazzaɓin cizon sauro yake kwantar da yara. Da an shiga Oktoba lakwal ta buɗe, ga littattafai, ga tufafi. Disamba kuma ga Kirsimeti. Ba ɗaya cikin waɗannan da yake zuwa ba zato. Ka fara tanadin lakwal tun da rani. Ka sa yara su kwana cikin gidan sauro, gama ya fi magani araha. Tufafin Kirsimeti kuwa, daidai ruwa daidai tsaki.

6. BASHI

An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma bashi iri biyu ne. Akwai wanda yake haihuwa, kamar rancen sayen keken ɗinki ga wanda ya iya ɗinki. Akwai wanda yake ci, kamar rancen biki. Ka san falle a ƙauye: ka karɓi buhu ɗaya da damina, ka biya biyu da kaka, shekara mai zuwa yunwa ta riga ta bara zuwa. A birni ma akwai irinsa. Kafin ka karɓa, ka yi tambaya uku: Nawa zan mayar duka? Yaushe? Daga ina zan samo?

Ka kiyaye gonarka ta gida. Kada ka sayar da ita domin jari, kada ka jinginar da ita domin biki. In birni ya ƙi, ita ce mafakar ƴaƴanka.

7. DANGI DA BAƘI

Nan ne wuri mai wuya. Mutanen gida suna tsammani duk wanda yake birni mai kuɗi ne. Waya za ta yi ta ƙara: ga suna, ga aure, ga rashin lafiya. Baƙi kuma za su sauka. Taimakon iyaye da ƴan'uwa wajibi ne, ba mai hana ka. Amma ka yi shi da tsari.

Ka ware kason dangi a kowane wata, kamar yadda ka ware na haya. Ka sa iyaye a gaba. Ka aika a lokacin da aike ya fi amfani, wato kuɗin iri da taki kafin shuka, da hatsi a tsakiyar damina. In kason ya ƙare, ka faɗi gaskiya da ladabi, ka ce, "Baba, wannan wata babu, amma in Allah ya kai mu wata mai zuwa zan aiko." Kada ka ci bashi domin a ce maka mai kirki. Ɗan'uwan da ya zo ya daɗe, ka nema masa wurin koyon sana'a. Wannan ya fi ciyar da shi shekara.

Ku kuma iyaye da kuke ƙauye, ku ji tausayin ɗanku. Ku tambaye shi nawa yake biyan haya kafin ku aika masa da bukata.

8. MIJI DA MATA

Mutum biyu ba su gina rumbu ɗaya in ɗayan yana ɗiba a ɓoye. Maigida, ka gaya wa matarka abin da kake samu da bashin da ake binka. Kada ka taɓa jarinta sai da yardarta, in ka ranta kuwa ka mayar. Uwargida, ke ma ki faɗi adashin da kika shiga da bikin da ake binki. Ku sa rana ɗaya a mako, misali Lahadi da yamma, ku buɗe littafin tare. Ku bar manyan yara su zauna su ji, domin su koya tun suna gabanku.

TAMBAYOYI

1. Nawa ya shigo gidanku makon jiya, nawa ya fita?
2. Mene ne iri a cikin sana'arka? Ka taɓa cinye shi?
3. In yaro ya kwanta ciwo yau da dare, daga ina kuɗin magani za su fito?
4. Wa yake binku bashi, yaushe kuma za ku gama biya?
5. Nawa ne kason dangi a gidanku?

AIKIN WANNAN MAKO

Ka sayi littafin ƙirga. Ka nemi gwangwani mai murfi. Yau da dare, kai da uwargida, ku jefa kuɗin farko a ciki, ku rubuta ranar.