Cacar Ƙwallon Kwamfuta da Ƙwaƙwalwar Ɗan Adam

A shekarar 2000 Jihar Sakkwato ta fara aiki da shari'ar Musulunci, wadda ta haramta caca. To amma wayar hannu ta shigo da wata irin caca wadda ba ta buƙatar tabarma ko karta. Kamfanoni irin su Bet9ja suna nuna wasan ƙwallo na zanen kwamfuta, wanda ake gamawa cikin 'yan mintoci, wani ya biyo baya nan take, dare da rana. Saurayi a Mabera ko Arkilla yana iya zuba Naira 100 da niyyar gwaji kawai. A wannan wasa babu ɗan wasa, babu mai horarwa. Manhaja ce ke zaɓen sakamako da ka, saboda haka sanin ƙwallo ba ya amfanar kowa.

Me ya sa mai gwajin yake komawa? A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da ake kira dofamin, wanda ke ingiza dabba neman abinci da sauran buƙatunta. A 2003 Wolfram Schultz da abokan aikinsa sun auna ƙwayoyin da ke fitar da shi a ƙwaƙwalwar birai masu jiran ɗigon ruwan zaƙi. Aikin ƙwayoyin a lokacin jira ya fi ƙarfi idan samu da rashi sun zo daidai, wato rabi da rabi. Ashe rashin tabbas shi kansa yana jan rai. Tun a shekarun 1950 B. F. Skinner ya ga irin wannan ga tattabaru: wadda ake ba tsaba jefi-jefi ta fi nacewa kan saran maɓalli, ko bayan an daina ba ta. Wannan hali ya yi wa mafarauci rana a daji, domin ba kullum ake kamu ba. Na'urar caca kuwa takan maimaita wannan jira sau da dama cikin awa guda.

Akwai kuma “saura ƙiris”. Binciken Luke Clark a Jami'ar Kambirij a 2009 ya nuna cewa faɗuwar da ta yi kusa da ci tana motsa sassan ƙwaƙwalwa da ci ke motsawa, ta kuma ƙara sha'awar sake zubi. Mai cewa “wasa ɗaya ne ya ɓata mini” kuɗinsa sun tafi gaba ɗaya, amma yana ji kamar ya kusa.

Lissafin kuwa bai da wuya, malami yana iya nuna shi a allo da kwabo guda. A ɗauka ana zuba Naira 100, wanda ya ci a biya shi 190 maimakon 200. A jefa kwabon sau 100, a rubuta sakamakon. An zuba Naira 10,000 ke nan. Idan an ci sau 50, abin da zai dawo 9,500 ne. Sai ɗalibai su lissafa abin da zai rage wa mai yin zubi 100 kullum har wata guda.