Amsar Tambaya: Ƙaramar Kyamara Mai Saurin Ɗauka

Jinkirin da ake samu tsakanin danna maɓalli da ɗaukar hoto galibi daga saiti yake, kafin idon kyamara ya daidaita kan abin da ake so. Ga mai tambaya daga Gwadangaji, da ke son ɗaukar masunta suna rugawa cikin kogin Matan Fada a bikin kamun kifi na Argungu, ko rabin daƙiƙa asara ce. Sony RX100 V ta 2016 tana saiti cikin kusan daƙiƙa 0.05, kuma ta hannu ta fi araha. Kafin a biya, a gwada ta kan mai gudu, a duba batirinta. A bakin kogi, a danna maɓallin rabi tun masunta ba su taso ba, sannan a ƙarasa dannawa.