Yadda Ake Zaɓen Kyamarar Tsaro ta Waje Idan Biyu Sun Yi Kama

Idan ka shiga shagon kayan tsaro a Sabon Gari ta Kano ko a kasuwar Alaba ta Legas, ba wuya a ajiye maka kyamarori biyu da ido ba zai raba su ba. Duka farare ne, duka kwalinsu ya ce megafiksel 4, duka sun yi alƙawarin gani cikin duhu har mita 30, amma kuɗin ɗaya ya kusa ninka na 'yar'uwarta. Mai shago zai ce maka, "Alhaji, duk ɗaya ne, suna kawai za ka biya," ko kuma ya rantse mai tsadar ita ce ta asali, gwargwadon wadda yake so ta bar masa kanta. Ba ɗaya ba ne, tsada kuma ba shaida ba ce. Ga yadda ake raba su.

Aikin farko a ƙofar gidanka ko shagonka yake, da tef na awo a hannu. Tsaya inda za a kafa kyamarar ka tambayi kanka me kake so ta nuna maka: cewa wani ya gifta a layi, ko fuskar wanda ya taɓa kwaɗon get? Ayyuka biyu ne daban, kuma da wuya kyamara ɗaya ta yi su tare. Masu sana'ar suna da ma'auni na ƙasa da ƙasa, IEC 62676-4, wanda a bugunsa na 2014 ya faɗi ɗigon hoto nawa ya kamata su sauka a kan kowace mita ta wurin da ake kallo. Ɗigo 25 sun isa ka san akwai mutum. Da 125 za ka gane wanda ka riga ka sani, maigadi ne ko yaron shago. Amma baƙon da ba ka taɓa gani ba, wanda za ka kai hotonsa caji ofis, sai an kai 250.

Lissafin ba shi da wuya. Kyamara mai megafiksel 2 tana da ɗigo 1920 a faɗinta. Raba da 250, ka samu ƙasa da mita 8. Mai megafiksel 4 tana da 2560, mita 10 ke nan da ɗan ɗoriya. Idan hoton ya wuce wannan faɗin a daidai inda mutum yake tsaye, fuska ta narke, kuma babu irin jawo hoto a waya da zai dawo da ita.

A nan lambar da aka fi rainawa a jikin kwali take shigowa, wato ta idon kyamarar: 2.8mm, 4mm ko 6mm. Sau da yawa kyamarori biyun da ke gabanka samfuri ɗaya ne, ido ne kawai ya raba su. Mai 2.8mm tana buɗe wajen digiri 100, tana kwashe duk harabar gida, shi ya sa masu haɗawa suke sonta, don mai gida yana ganin allo cike ya ji daɗi. Sai dai a megafiksel 4 fuskar da za ta ba ka ba ta wuce mita 5 zuwa 6 daga bango. Mai 6mm tana buɗe kusan rabin haka, amma tana riƙe fuska har mita 10 zuwa 12. Idan tsakanin bango da get ɗinka mita 11 ne, zance ya ƙare, 6mm ce taka ko da ba ta ganin rumfar mota. Idan ba ka tabbatar ba, akwai masu idon da ake juyawa daga 2.8 zuwa 12mm, a daidaita bayan an kafa. Sun fi tsada, amma a wuri ɗaya mai muhimmanci sun ci kuɗinsu.

Bayan ido sai sensa, ɗan faifan da haske ke sauka a kai. Ba a cika rubuta girmansa da manyan baƙaƙe ba, sai ka nemi takardar bayanan samfurin: za ka ga 1/3", 1/2.8", 1/1.8" ko 1/1.2". Lambar ƙasa tana raguwa, faifan yana girma. Idan aka cusa ɗigo miliyan 8 a kan ɗan faifai na 1/2.8", kowane ɗigo ya ƙanƙance, hasken da yake samu ya ragu, da rana hoto garau, da dare sai tsaki-tsaki. Saboda haka megafiksel 4 a kan 1/1.8" ta kan doke megafiksel 8 a kan 1/2.8" da zarar magariba ta faɗi. A ganina wannan shi ne babban abin da ke raba kyamarori biyu masu kama, kuma shi ne mai shago bai cika sani ba. Ɓarawo kuwa ba ya zaɓen azahar.

Daga nan ka duba da wane haske take gani cikin dare. Wasu suna da fitilar infirared, wadda ido ba ya gani sai ɗan jan da ke bakin gilashin, hoton ya fito baƙi da fari. Wasu suna da faffaɗan ido mai lamba F1.0 da farar fitila, su ba da hoto mai launi. Hikvision na kiran nata ColorVu, Dahua na kiran nata Full-color. Launi yana da rana, don "mai jar riga a kan baƙin babur" ya fi "wani mutum" amfani wajen bincike. Amma farar fitila tana tara ƙwari, musamman da damina, tana kuma nuna wa kowa inda kyamarar take. Idan akwai fitilar sola a bakin get da ke kwana a kunne, ɗauki mai launi ka kashe fitilarta. Idan lungu ne mai duhu ƙirin, infirared ta fi. Mita 30 ɗin kwali kuwa ka raba ta biyu a ranka, don ana nufin nisan da za a ga motsi ne, ba fuska ba.

Idan kyamarar za ta fuskanci gabas ko yamma, ko tana cikin inuwar baranda tana kallon titi mai rana, nemi WDR, wato dabarar daidaita haske da inuwa, mai lamba 120dB. Wadda aka rubuta DWDR kawai dabarar manhaja ce, mutum zai shigo ya zama baƙar inuwa a gaban haske.

Siffa ma abin dubawa ce, kuma ƙasarmu tana da ta cewa a nan. Akwai doguwa da ake kira bulet, akwai mai murfin gilashi kamar an kife ƙwarya da ake kira dom, akwai taret, ƙwallo a cikin gurbi ba tare da murfi ba. Dom ta fi jure duka, da yawansu suna da alamar IK10, wato suna ɗaukar bugun da ya kai na abu mai kilo 5 da ya faɗo daga santimita 40. Sai dai hunturu na shigowa ƙura ta kwanta a murfin, hasken infirared ya daki ƙurar ya dawo cikin ido, hoto ya zama hazo fari fat. Rana ma tana dusar da murfin a hankali. Bulet tana da 'yar hula mai kare rana, amma gizo-gizo yana son saƙa a bakinta, zare ɗaya kuma ya isa ya haskake rabin allo da dare. Zanzaro ma kan yi gini a ƙarƙashin hular. Taret ta raba fitila da ido, gilashinta a shafe yake, tsumma ɗaya ya goge shi. A bangon gida ko na shago a Arewa ni taret nake zaɓa, sai in wuri ne da hannu ke kaiwa, nan dom ta fi.

Alamar IP66 ko IP67 dole ce. Lambar 6 ta farko tana nufin ƙura ba ta shiga, ta biyu kuma ta ruwa ce: 6 tana jure feshi mai ƙarfi, 7 tana jure nutsewa a zurfin mita 1 na minti 30. Duka sun isa, kada ka ƙara kuɗi don wannan bambancin. Abin da ya fi shi shi ne jiki, ƙarfe ne ko roba, da iyakar zafin da aka rubuta. Masu kyau suna kai digiri 60. A Sakkwato ko Maiduguri zafin watan Afrilu yana haura 40 a inuwa, balle bangon da rana ke duka tun hantsi. Ruwa kuwa ba ta jikin kyamara ya fi shiga ba, ta mahaɗar kebur yake bi, don haka tambayi wacce ce a cikin biyun take da akwatin ɓoye mahaɗa nata.

Sai maganar waya da wuta. Kyamarori biyu kan yi kama sak alhali ɗaya ta IP ce, mai kebur irin na kwamfuta da na'urar naɗa NVR, ɗayar kuma ta tsohon tsari ce mai kebur irin na eriya da DVR. Idan kana da na'urar naɗa a gida, ita za ta yanke hukunci. Idan sabon aiki ne, IP mai PoE ta fi sauƙin riƙo, domin kebur ɗaya ke ɗaukar hoto da wuta har mita 100, kuma duk kyamarorin suna ci daga wuri ɗaya, wanda za ka ɗora a kan inbata ko UPS. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a inda ake ɗauke wuta ba sallama. Kyamarori huɗu da na'urarsu suna cin wajen wat 50, dare da rana, sai ka auna batirinka da haka. Ka kuma kula da kebur: akwai Cat6 na alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe, ana rubuta masa CCA. Ka kankare bakin wayar da wuƙa, in ka ga fari a ciki ka mayar. Shi ne ke sa kyamara ta yi lafiya da rana, fitila na kamawa da dare ta mutu. Masu aiki da Wi-Fi ko layin waya da ɗan faifan sola suna da amfani a gona ko garke, amma da yawansu sai motsi ya tashe su suke fara naɗa, kafin su farka mutum ya ba da baya.

Idan za ka haɗa kayan kamfani biyu, tabbatar akwai ONVIF, yaren da Axis da Bosch da Sony suka kafa a 2008 don kayan kamfanoni daban su fahimci juna. Hoto zai fito, amma dabarun rarrabe mutum da mota, irin AcuSense na Hikvision ko WizSense na Dahua, sun fi tafiya daidai da na'urar gidansu. Kada ka raina wannan dabarar. Kyamarar da ke buga maka waya don akuya ta wuce ko iska ta ɗago leda, cikin mako guda za ka kashe ƙararta, daga nan kuma ta zama ado.

Ajiya: kyamara mai aika megabit 4 a daƙiƙa tana cika gigabait 43 a kwana. Huɗu za su cinye faifan terabait 2 cikin kwana 11 zuwa 12. Mai tsarin matse hoto na H.265 tana rage kusan rabin abin da na H.264 ke ci. Faifan kuma ya zama na wannan aikin, kamar WD Purple ko Seagate SkyHawk.

Idan duk wannan bai raba gardama ba, dare zai raba. Yi yarjejeniya da mai haɗawa ya kawo duka biyun, a ɗaure su na wucin gadi a tsayin da za su zauna, mita 2.5 zuwa 3. In aka wuce haka hula da rawani kawai za ka riƙa gani. Bayan isha'i ka sa yaro ya taho daga bakin layi da tafiyarsa ta yau da kullum, ya tsaya a get, ya juya, sannan ya sake wucewa da sauri. A sa babur ya gifta da fitilarsa a kunne. Kada ka tsaya kallon allo kai-tsaye. Koma kan abin da aka naɗa, ka tsayar da hoton a tsakiyar tafiyar. Nan asiri ke tonuwa. Kyamara mai raunin sensa tana barin idonta a buɗe ya daɗe don ta tara haske, sai bango da bishiya su fito tas, amma mai tafiya ya zama jan hayaƙi, ƙafa uku, fuska babu. Ka ce a mai da saurin ɗauka 1/60 a duka biyun a sake gwadawa. Wadda ta riƙe fuskar yaron yana tafiya ita ce taka, ko da hotonta ya fi duhu, ko da megafiksel ɗinta bai kai na ɗayar ba.

Kafin ka biya, duba lambar jiki ta yi daidai da ta kwali, ka karɓi rasit mai garanti, ka tambaya ko samfurin na kasuwar duniya ne, don wanda aka yi wa kasuwar cikin Sin yakan ƙi sabunta manhaja ko ya koma Sinanci. Idan aikin na ofishin jakadanci ne ko na ƙungiyar da ke cin kuɗin gwamnatin Amurka, tambaye su tukuna, domin dokar tsaron Amurka ta 2019 ta hana hukumominta sayen kayan Hikvision da Dahua. Ranar kafawa kuma kai da kanka za ka sa kalmar sirri, ba mai haɗawa ba, asusun waya ma ya zama da lambarka. A 2016 manhajar ɓarna ta Mirai ta kame ɗaruruwan dubban na'urori, kyamarori da na'urorin naɗa a cikinsu, ta hanyar gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga masana'anta kawai. A gyara agogon na'urar ma, don hoton da kwanan watansa ya kauce yana rage ƙarfin shaida.

Saura haƙƙin maƙwabci. Kyamarar da ke saman bene ko a kan katanga tana iya leƙa tsakar gidan da ke gefe, inda iyalin mutum suke, kuma mai faffaɗan ido ta fi yin haka. Ka zaɓi wadda ake iya shafe wani sashe na hotonta da baƙi, ko ka karkatar da ita. Ka kira maƙwabcin ya duba allon da idonsa kafin a sauke tsani.