Yadda Ake Gyara Murhun Gas Idan Wutarsa Ta Fara Baƙanta Tukunya

A ƙasashen sanyi irin su Ingila, na'urar ɗumama gida mai aiki da gas tana da bututun da ke fitar da hayaƙinta waje. A 'Yankuzo da sauran garuruwan Tsafe, taga ce ke wannan aiki, kuma ita ake fara toshewa da tsumma idan hunturu ya kankama a Disamba da Janairu. Daga nan sai a shigo da murhun gas ɗaki, a ja ƙofa.

Fara da kallon wutar. Idan shuɗiya ce, tana tsaye, lafiya lau. Idan ta koma ruwan ɗorawa, tana rangaji, tana shafa wa gindin tukunya baƙi, to gas ɗin ba ya ƙonewa duka. Abin da ke fita a lokacin shi ne iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, tana kuma kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau sama da 200.

Idan ka ga haka, kashe wutar, ka rufe tukunyar gas, ka buɗe ƙofa da taga. Idan murhun ya huce, cire kansa. Miya ko kunu da ya zube ya bushe yakan toshe ƙananan hujojin da wuta ke fita; wanke su da tsohon buroshin haƙori, ka shanya su bushe sarai. Sannan leƙa ƙasa, inda gas ke haɗuwa da iska kafin ya kama. Galibi nan matsalar take: ƙurar hunturu, saƙar gizo, wani lokaci ma zanzaro ya yi gini a ciki. Akwai ɗan ƙaramin rami da gas ke fitowa, a tsokane shi da siririyar waya a hankali. Kada ka sa ƙusa. Ramin na faɗaɗa, gas zai rinjayi iska, baƙin kuma ya ƙaru.

Kafin ka kunna, shafa ruwan omo a kan tiyo da mahaɗarsa, ka buɗe gas ɗin. Inda kumfa ta taso, nan ke yoyo. Ban da gwaji da ashana! Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka sai da ƙofa a buɗe yake fita. Idan bayan duk wannan wutar ba ta koma shuɗiya ba, kai wa mai gyara.

Kaskon garwashi da janareta su ma iskar kabon monoksaid suke fitarwa. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai, jiri da tashin zuciya lokaci guda, kada a tsaya cewa zazzaɓi ne. A fitar da su waje nan take, a nufi Babban Asibitin Tsafe ko asibiti mafi kusa.